Gem ɗin labari irin na Japan: waɗanda suka cancanci kuɗinka da man janaretanka



Yau kan gem zan yi magana. Duk wanda ya leƙa gidajen gem na Diobu, daga Mile 1 har Mile 3, ya san abin da yaranmu da samarinmu ke bugawa: ƙwallo, sai faɗa irin na Mortal Kombat, sai kuma ƙwallo. A biya kuɗi, a yi minti goma, wanda aka ci ya tashi, galibi da musu, wani lokaci har da ɗan kuɗin da aka aza a gefe. Ra'ayina shi ne, tunda dai an riga an saba da na'urar kuma ba a fasa kashe mata kuɗi ba, gara a san cewa akwai wani nau'in gem da ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba. Shi ne gem ɗin labari irin na mutanen Japan, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da JRPG. A 'yan shekarun nan an fitar da wasu masu kyan gaske, har wasu cikinsu sai ka rantse labarin zamanmu na baƙunta aka ɗauka.

Mene ne shi?

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin kamar dogon littafi ne da ake tafiya a cikinsa. Ana ba ka jarumi da 'yan rakiyarsa, ka bi gari-gari, ka yi hira da mutane, ka sayi kaya, ka sayar, ka shiga yaƙi, ƙarfinku yana ƙaruwa sannu a hankali har labari ya kai ƙarshe. Da yawansu faɗan bi-da-bi ake yi: kai ka zaɓi abin da mutanenka za su yi, abokan gaba su ma su yi nasu, kamar dai dara. Saboda haka lissafi ya fi saurin yatsa aiki.

Abin ya kankama ne da Dragon Quest, wanda Yuji Horii ya tsara, kamfanin Enix ya fitar a 1986, sai Final Fantasy na Hironobu Sakaguchi da kamfanin Square ya biyo baya a 1987. Kamfanonin biyu sun haɗe a 2003 suka zama Square Enix. Mutanenmu da suka taso da PlayStation na farko za su tuna Final Fantasy VII na 1997 mai faifai uku, da Final Fantasy X na PS2 da ya fito a 2001.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Mutumin Landan idan zai zaɓi gem, kyan hoto yake kallo. Mu nan akwai tambayoyin da ke gaba da wannan. Wace na'ura yake hawa, tunda PS4 na hannu ya fi PS5 yawa a unguwanninmu? Nawa zai ci na data? In an ɗauke wuta ana tsaka da yi, aikin awa nawa zai bi ruwa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace awa ta janareta kuɗi ce mai ciwo. Tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi: me ke cikinsa, kuma za ka yarda ƙaninka ko ɗanka ya zauna gabansa? Da waɗannan na jera su.

Na ɗaya: Metaphor: ReFantazio

In kuɗin gem ɗaya kawai gare ka, wannan za ka saya. Kamfanin Atlus ne ya fitar da shi a watan Oktoban 2024, ƙarƙashin jagorancin Katsura Hashino, kuma yana hawa PS4 da PS5 da Xbox Series da kwamfuta.

Labarin wata masarauta ce mai suna Euchronia, mai ƙabilu takwas da hukuma ta sani, kowace da matsayinta. Clemar masu ƙaho su ne gidan sarauta. Paripus masu kunnen dabba su ne 'yan wahala, ana yi musu kallon ɓarayi tun kafin su buɗe baki. Mustari masu ido uku kuwa addinin gwamnati ya mayar da su arna. Shi jarumin naka daga ƙabilar Elda yake, wadda ko cikin lissafin takwas ɗin ba a sa ta ba. Za ka shiga shago a ƙi sayar maka da kaya, ka wuce a hanya a yi maka habaici. Aka kashe sarki, sai wani sihirin da ya bari ya shelanta cewa duk wanda ya fi samun goyon bayan talakawa zuwa wata rana, ko ɗan wace ƙabila ne, shi zai hau gadon mulki. Daga nan sai yawon neman jama'a, gari bayan gari, ga kwanaki suna ƙarewa a kalanda.

Ba sai na yi dogon sharhi ba ga wanda aka haifa a Diobu, yana jin yaren gari kamar ɗan gida, amma ranar neman takardar shaidar asali a ce masa ya nufi Kano ko Sakkwato, garin da wataƙila sau biyu ya taɓa zuwa. Gem ɗin yana tambaya ne: shin baƙo zai iya shugabantar garin da ba na kakansa ba? Mu kuwa muna da amsa a tarihinmu. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafillace ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Abin da ya sa na fifita Metaphor shi ne bai mayar da maganar wasan yara ba. Babban abokin hamayyarka, Louis, shi ma da hujjarsa: a rushe ƙabila da gado, mai ƙarfi kawai ya yi mulki. Sai ka ga waɗanda aka fi zalunta su ne kan gaba wajen bin sa, saboda sun gaji.

A bikin The Game Awards na 2024 ya lashe kyautar labari da ta zane da ta gem ɗin da ya fi a nau'insa. Yakan ci awa 80 ko fiye. Aibinsa, surutu ya yi yawa a wasu wurare, kuma awannin farko suna da nawa. A daure.

Na biyu: Final Fantasy VII Remake da Rebirth

An sake gina tsohon gem ɗin nan na 1997 daga tushe, aka kasa shi uku. Remake ya fito a Afrilun 2020 a PS4, Rebirth kuma a ranar 29 ga Fabrairun 2024 a PS5. Mai PS4 ya sani cewa na farkon kawai zai samu.

Kamfanin Shinra yana zuƙo wani makamashi mai suna mako daga ƙarƙashin ƙasa yana ba birnin Midgar wuta. Masu kuɗi suna zaune a saman wani ƙaton faranti, talakawa a ƙarƙashinsa, ko rana ba sa gani. Ƙasar da ke kewaye da birnin ta mutu, ba ciyawa ba tsiro. Wata ƙungiya, Avalanche, ta tashi tana fasa tashoshin kamfanin, kuma gem ɗin bai ɓoye cewa bama-bamansu suna cin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Yaron Tokyo zai buga wannan a matsayin tatsuniya. Mu da ke Ribas mun san ƙasar da aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, mun san an rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas a nan Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, mun san rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 da ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wanda ya zauna garin nan daga ƙarshen 2016 ya ga baƙin toka yana sauka kan mota da shanya da tiren mai shayi. A cikin Rebirth ma akwai Corel, garin Barret, garin haƙar kwal da aka yi wa alkawarin ci gaba aka bar shi kango. Mutanen Inugu, birnin kwal, ba sa buƙatar tafinta.

Faɗansa gauraye ne, ana sara kai tsaye, ana kuma tsayar da lokaci a zaɓi dabara. Na sa shi na biyu ne saboda nauyinsa. Rebirth ya kai kusan gigabait 150, don haka kada wanda ya yi gangancin saukowa da shi ta data. A nemi faifai, guda biyu ne a kwali. Sannan an cika shi da ƙananan wasanni har sukan sa mutum ya manta inda labari ya kwana.

Na uku: Octopath Traveler II

Wannan na 'yan kasuwa ne. Square Enix ya fitar da shi a Fabrairun 2023, yana hawa Switch da PS4 da PS5 da kwamfuta, daga baya Xbox. Hotonsa irin na da ne, 'yan ƙananan mutane kamar na Sega, amma an ƙawata shi da haske da inuwa na zamani. Ba ya cin wuri, ba ya wahalar da na'ura.

Matafiya takwas ne, kowa da labarinsa, ka fara da wanda ka ga dama. Ni dai ina ba da shawarar a fara da Partitio, ɗan kasuwa daga Oresrush, garin haƙar azurfa. Mahaifinsa ya sa hannu a takardar filin da ke da wani sharaɗi a ɓoye, gari ya bunƙasa, mai fili ya dawo ya ƙwace komai, mutane suka koma cin bashi. Partitio ya fita duniya da niyyar yaƙar talauci ta hanyar ciniki na gaskiya. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin rumfa a kasuwar Mile 3 ko Ose, ya gyara ta da guminsa, sannan aka ninka masa haya da ciniki ya kankama, zai ji labarin nan har cikin ƙashi. Darasin a fili yake: a karanta takarda kafin a dangwala.

Kowane babi awa ɗaya ne zuwa biyu, don haka ya dace da wanda sai bayan isha yake samun sarari.

Na huɗu: Clair Obscur: Expedition 33

Wannan ba Japanawa suka yi shi ba. Wani ƙaramin kamfani ne a Montpellier ta Faransa, Sandfall Interactive, ƙarƙashin Guillaume Broche, suka ɗauki salon Japan suka yi nasu. Ya fito ranar 24 ga Afrilun 2025, kuma a Disambar shekarar ya zama gwarzon shekara a The Game Awards.

Kowace shekara wata mai zane takan rubuta lamba a jikin wani dutse mai tsawo, duk wanda shekarunsa suka kai lambar sai ya ɓace, lambar kuma tana raguwa. Mutanen birnin Lumière suna tura ayari bayan ayari su kashe ta, ba mai dawowa, sai dai kowane ayari ya bar wa na bayansa rubutu da alamar hanya. Labari ne na rashi da yadda iyali ke ɗaukar mutuwa. Faɗan bi-da-bi ne, amma dole ka kauce ko ka tare sara a daidai lokacinsa, don haka ba a gyangyaɗi.

Alherinsa biyu: gajere ne, awa 30 zuwa 40 ka gama, kuma da dala 50 ya fito lokacin da manyan takwarorinsa ke dala 70. Matsalarsa, ba ya hawa PS4 ko tsohon Switch, kuma na manya ne, akwai jini da zagi.

Abin da ya ƙara burge ni, ainihin ma'aikatansa ba su fi mutum talatin da 'yan kai ba, da taimakon 'yan kwangila daga waje. Mu da ke da Bayajidda da Sarauniya Amina da tarihin fataken goro na hanyar Gwanja, ayari guda mai madugu da jagaba da uban dawaki, ai kayan gem ɗin labari ne a ajiye. Masu karatun kwamfuta a jami'ar jiha da ke nan Nkpolu, ga ƙalubale.

Na biyar: Xenoblade Chronicles 3

Ga mai Nintendo Switch. Monolith Soft suka yi shi, ya fito a Yulin 2022. Ƙasashe biyu, Keves da Agnus, suna yaƙin da ba wanda ya san mafarinsa. Sojojinsu shekara goma kacal suke rayuwa, kuma kowace runduna tana da wani agogo da ba ya cika sai da ran abokan gaba. Matasa shida, uku daga kowane ɓangare, suka gano cewa akwai wasu a sama da ke cin ribar yaƙin, su ne ke juya ɓangarorin biyu. Wanda ya ga abin da ya faru a Anacha a Fabrairun 2006, lokacin da rikicin Maiduguri ya dawo kan mai sayar da albasa da mai gyaran takalmi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ya san irin wannan agogon.

Ta fuskar wuta kuwa, Switch ya fi kowace na'ura dacewa da mu. Batir gare shi, an ɗauke wuta ko an kawo bai dame shi ba, ka danna ya yi barci ka ci gaba gobe daga inda ka tsaya. PS5 yakan ja kusan wat 200 yana aiki, Switch ko 20 bai kai ba, ƙaramar sola ma ta ishe shi.

Na yara da masu farawa: Dragon Quest

Ga wanda zai saya wa ƙani ko ɗa, Dragon Quest XI S ya fi sauƙi, yana kuma hawa PS4 da Switch. Sai Dragon Quest III na 1988 da aka sabunta a Nuwamban 2024. Zanen mutanen na Akira Toriyama ne, mai Dragon Ball, wanda ya mutu a Maris ɗin 2024. Labarin mai sauƙi ne, dodannin ma abin dariya ne. Sai dai akwai gidan caca na kuɗin wasa a cikin na XI, ba dole ne a shiga ba, amma a gaya wa yaro tun da wuri.

Waɗanda na ajiye gefe

Like a Dragon: Infinite Wealth na Sega, wanda ya fito a Janairun 2024, yana cikin mafi daɗi. Ichiban Kasuga, wanda ya yi shekara 18 a kurkuku kan laifin da ba nasa ba, ya tafi Hawai neman mahaifiyarsa, aka yi masa fashi tun ranar sauka, ya zama baƙo ba fasfo ba kuɗi. Ga dariya ga tausayi. Amma cike yake da mashaya da caca da matan dare. Na magidanci ne shi kaɗai, ba na falo ba. Haka Persona 5 Royal, ga shi ya haura awa 100. Final Fantasy XVI na 2023 ma na manya ne, akwai tsiraici. Shi kuwa Shin Megami Tensei V, ban ba kowa shawararsa ba, domin kan yaƙar mala'iku da kujerar mahalicci aka gina shi, kuma wannan ya wuce inda zan iya kau da kai.

Ga masu cewa duk ɓata lokaci ne

Na san dattawanmu za su ce awa 80 gaban talabijin ai hauka ne. Suna da gaskiya ta wani gefen. Gem ɗin da ya hana salla a kan lokaci, ko ya sa aka buɗe shago da hantsi, ko ya cinye kuɗin makaranta, ya zama musiba ko da labarinsa ya fi zuma. Kuma gaskiya ne waɗannan wasanni cike suke da sihiri da allolin ƙarya na tatsuniya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya bari, ba abin da ya rasa. Wanda zai yi, ya riƙe su a matsayin da muke riƙe Gizo da Ƙoƙi da littattafan yaƙi na kasuwar Kano, ƙirƙira ce ta ɗan Adam.

Amma a duba ɗaya gefen. Yaron nan da ma yana gidan gem. Abin da ke jiransa a ƙofa ta gaba shagon cacar ƙwallo ne, kuma sun cika titin Ikwerre. Gem ɗin labari a gida ake yin sa, sau ɗaya ake biya, ba a cin kuɗin kowa. Sannan ba ya tafiya sai da karatu. Duk da Turanci ne, dubban layuka, in ba ka gane ba ba ka san inda za ka nufa ba. Yaranmu na nan sun iya Burokan kamar me, amma Turancin takarda shi ke kayar da su a jarrabawa. Awa ɗaya kullum yana karatu da son ransa, da ƙamus a waya, ba ƙaramin abu ba ne. In babba ya zauna kusa yana tambayarsa me ya faru, me ya sa wancan ya ci amana, to an samu hira irin wadda ta yi ƙaranci a gidajenmu.

'Yar shawara kafin a saya

A duba alamar shekaru a jikin kwali. Na Turai lamba ce, 12 ko 16 ko 18. Na Amurka harafi ne, T na matasa, M na manya. A fifita faifai kan saukowa ta intanet, domin faifai ana ara, ana musaya, ana sayarwa in an gama. Mutum uku ko huɗu su yi karo-karo su sayi ɗaya, ya zagaya, tunda ba gem ɗin da ake rige-rige ba ne. A gwada faifan hannu a shagon kafin a biya. A riƙa adana wasa a duk inda aka samu dama, kada a jira ƙarshen babi, kowa ya san halin wutarmu. Kuma a yanka wa abin lokaci tun farko, bayan an rufe shago, bayan an sallaci isha, ba ranar da yaro ke da jarrabawa ba.

A taƙaice, mai PS4 ya fara da Metaphor, in ya gama ya nemi Octopath Traveler II. Mai PS5 ya ƙara da Rebirth da Clair Obscur. Mai Switch ya riƙe Xenoblade. Yara kuma a ba su Dragon Quest, a zauna tare da su.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya shirya mana zuri'a. Wassalam, daga Mile 3.